Daga Dandali Zuwa Ƙungiya: Yadda Matan Damagaram Suka Riƙa Taruwa a Zamanin Nasara

Ranar 13 ga watan Maris na 1946 gwamnatin Faransa ta sa hannu a kan wata doka da ta ba mutanen ƙasashen da take mulka a Afirka damar kafa ƙungiya ba sai sun nemi alfarmar gwamna ba. Su Faransawa suna cin moriyar wannan doka a ƙasarsu tun 1901, sai da ta shekara 45 kafin ta ƙetaro teku. Sharuɗɗanta ba su da yawa: a rubuta sunan ƙungiya da abin da aka kafa ta dominsa, a faɗi waɗanda za su shugabance ta, a kai ofishin hukuma, a karɓo takardar shaida. Wata guda bayan haka aka soke aikin tilas, a watan Mayu kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar.

Maza 'yan boko ne suka fara cin gajiyar abin. Malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan gidan waya da na likita suka yi ta ƙara yawan ƙungiyoyinsu na zumunta, waɗanda suke kira amikal, da na ƙwallon ƙafa da na wasan kwaikwayo. Mata kuwa, ina za a samo wadda za ta rubuta tsarin ƙungiya da Faransanci? Har ranar da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma 'yan mata ne mafi ƙaranci a cikin wannan ɗan adadi. Shi ya sa wanda ya dogara da takardun ofis kaɗai zai zaci matan Damagaram sun zauna jira ne har aka zo aka koya musu taruwa. Alhali sun daɗe da wuraren haɗuwarsu da shugabanninsu da kuɗin zubinsu da hukuncin wadda ta saɓa. Takarda ce kawai ba su da ita, kuma da ta zo sai ta raba su gida biyu.

Damagaram ta wancan zamani gari uku ce a wuri ɗaya. Akwai Birni, cikin ganuwar Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, inda fada take da gidajen sarakuna da na malamai, a tsakanin manyan duwatsun nan da kowa ya san garin da su. Akwai Zango, masaukin ayarin Abzinawa da fatake da attajirai irin su Malam Yaro, masu hulɗa da Kano da Agadas har Tarabulus. Sai kuma unguwar Nasara da barikin soja, da suka tsiro bayan yaƙin Tirmini na watan Yulin 1899, inda aka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar Nijar, kafin a ɗauke shi a kai Yamai, ana kukan ƙarancin ruwa da kuma kusancin garin da Kano da Turawan Ingila. Kowace unguwa da irin matanta, kowace da irin nishaɗinta.

Mace mai riƙe da muƙami ba baƙon abu ba ce a wannan ƙasa. Gidan sarautar ya fito ne daga Barno, ya ɗauki sunansa daga ƙauyen Damagaram Takaya, a Barno kuwa an san Magira uwar sarki, da Magaram 'yar'uwarsa, da Gumsu uwargidansa, kowace da jama'arta da ikonta. Ta kudu ga Daura, inda tarihi ya ce mata ne suka fara sarauta.

Amma talaka ba a fada take koyon taruwa ba, a dandali take koya. Da farin wata, bayan an dawo daga talla an ci tuwon dare, 'yan mata kan yi da'ira su kama gaɗa, mai bayarwa tana bayarwa, sauran suna amshi da tafi, ɗaya ta saki jiki ta faɗo baya ƙawaye su cafe ta. Ranar kasuwa ko ta salla masu kalangu su zo, samari su yi ta kari. Wanda ya kalli abin daga nesa zai ce wasan yara ne, amma akwai tsari a ciki. Samari suna da sarkin samari da muƙarrabansa, masu laƙabi irin na fada, 'yan mata ma suna da tasu shugabar. Su ke kiran gayya, su ke shirya tarbar baƙin wani ƙauye, su ke cin tarar wanda ya yi faɗa a filin wasa, sau da yawa da goro. Matasan Damagaram sun kai wannan kwaikwayon hukuma maƙura a wasan kara, inda ake yin dawakai da bindigogi da kara, a fito da sarki da fadawansa da manyan ƙasa kamar su ne da kansu.

Sai dai dandalin yarinya ba ya daɗewa. Tana shekara 13 ko 14 an ɗaura mata aure, in kuwa a Birni ne ko gidan wani attajirin Zango, ta shiga kulle ke nan. Kullen ma ƙaruwa ya yi a zamanin Nasara, kuma dalilin yana da ban mamaki. Damagaram ƙasa ce da bayi suka yi yawa a cikinta a ƙarni na 19, matan bayi su ne a gona da rijiya da dawa, 'ya'ya mata suna cikin gida. Da Faransa ta haramta bautarwa a 1905, bauta ta shiga sassautawa sannu a hankali, sai matan da suka 'yantu suka ga babbar shaidar 'yanci ita ce su ma su bar gona su zauna ɗaki. M. G. Smith ya ga haka a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo ta faɗa wa Mary Smith da bakinta a hirar da aka buga littafi a 1954, Barbara Cooper kuma ta tarar da irinsa a Maraɗi.

To, matar da ba ta fita sai da dare, ina za ta ga 'yan'uwanta mata? A gidan biki. Suna, aure, kamu, wankan amarya, buɗar kai, saukar karatu, dawowar alhazai: kowanne dalili ne na fita da miji ba ya iya hanawa ba tare da ya sha kunya ba, domin zumunta a ƙafa take. Kuma ba zuwa kawai ake yi ba. Kowace mace tana da ƙawayen biki, tsakaninsu akwai ƙa'ida da kowa ya sani. In ta kawo miki dala biyu ranar sunan ɗanki, ke dala huɗu za ki kai ranar nata, ita kuma ta mayar da takwas, a yi ta ninkawa har nauyin ya yi yawa a yarda a koma ƙasa a sake farawa. Ba littafi, ba alƙalami. Mace guda tana riƙe da lissafin ƙawaye goma ko ashirin a kanta na tsawon shekaru, ta san wadda take bi da wadda ke binta, ta san wadda ta kawo tasa da wadda ta kawo turmin atamfa. Wadda ta saba ƙin ramawa za ta ga sakamakon ranar nata bikin, sa'ad da tsakar gida ta zama wayam.

A tsakar gidan nan ne nishaɗin yake. A cika masaki da ruwa a kifa ƙwarya a kai, a jera wasu ƙoren a ƙasa, masu kiɗa su sa 'yan sanduna, amada ta tashi. Masu shantu su zauna gefe suna bugawa a cinya. Zabiya ta wasa uwar biki da danginta, masu guɗa su rangaɗa. Namiji ba ya shiga, maigida kansa a zaure yake wuni ko ya bar gidan. A waƙoƙin ne ake faɗin abin da ba a faɗa a gaban maza: zafin kishi, rowar miji, wahalar naƙuda, gorin macen da ba ta da sana'a. Wannan kiɗa ne daga baya su Barmani Coge suka fito da shi rediyo da kaset, duniya ta ji abin da aka daɗe ana yi a bayan katanga. Matan Damagaram kuma suna da abin da suke taƙama da shi a irin wannan taro, wato alkakinsu da ya yi suna, da nakiya, da turaren wuta da humra da suka gada daga Barebari, da ƙunshi da kitson da ake kwana biyu ana shiryawa.

Kuɗin duk wannan daga ina? Daga sana'ar cikin gida, fura da ƙosai da man gyaɗa da ƙuliƙuli da kaɗi, wadda 'yan talla ke fitarwa, sannan daga adashi, wanda wasu ke kira asusu. Mata goma ko ashirin su amince da wata dattijuwa mai riƙon amana ta zama uwar adashi. Kowane mako, sau da yawa ranar Alhamis da babbar kasuwa ke ci, kowace ta aiko da zubinta a hannun yarinya, ɗaya ta kwashe, mako mai zuwa wata. Wadda biki ya matso mata za ta roƙi a musanya mata kwasa, uwar adashi ta sasanta. Wuri ya mutu aka koma tamma da dala, a ƙarshen 1945 aka kawo sefa, adashi bai fasa ba. Ƙaruwa ma ya yi, domin gyaɗa ta kawo kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Nguru a 1930, gyaɗar Damagaram ta riƙa bin waɗannan hanyoyi zuwa teku, kantunan kamfanoni irin su CFAO suka cika da atamfa da kwanoni masu fenti. Jeren ɗakin amarya ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa langa, kuma kusan kowace langa da kwasar adashi ko gudummawar biki aka saye ta.

Jama'a sanannu, haɗuwa a kai a kai, zubi, shugaba, hukunci, nishaɗi da taimakon juna ranar buƙata. Duk abin da ake nema ga ƙungiya yana nan, rubutu kaɗai ya rage.

Akwai kuma matan da ba sa cikin kulle, kuma labarin ba ya cika sai da su. Zawarawa da ke tsakanin aure da aure, 'yan matan da suka guje wa auren dole, bayin da suka bar gidajen iyayengijinsu, da waɗanda yunwa ta koro daga ƙauye, musamman babbar yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba. Ana ce musu mata masu zaman kansu, wasu kuma su kira su da sunan da ya fi wannan zafi. A biranen Hausa shugabarsu ita ce Magajiya, kuma sarauta ce ta gaske da sarki ya san da ita. Baƙuwar da ta sauka gari ba ta da kowa, wurinta ake kai ta. Ita ke raba faɗa, ita ke tara harajin matanta ta miƙa, ita ke tsayawa in ɗaya ta kwanta ciwo ko ta rasu, in kuma wata ta samu miji ita ce uwar biki. A gidanta ake jin goge da garaya, kuma galibi nan ne matattarar 'yan bori, kamar yadda a Maraɗi bori ke ƙarƙashin Iya, a Tibirin Gobir kuma ƙarƙashin Inna, dukansu 'yan gidan sarauta.

Malamai ba su taɓa son waɗannan gidaje ba, Damagaram kuwa garin malamai ne. An saba a ƙasar Hausa in ruwan sama ya yi jinkiri a yi shela cewa duk macen da ba ta da aure ta yi aure cikin 'yan kwanaki ko ta bar gari. Wasu su yi auren, wasu su koma wani gari, damina ta sauka su dawo. Ba sai mutum ya yarda da duk abin da ke gudana a gidan Magajiya ba kafin ya faɗi gaskiya guda: a duk faɗin garin, nan ne kaɗai mata manya ke iya fitowa fili da rana a matsayin jama'a guda, da shugabarsu a gaba. Hukumar Nasara ta gane haka. In ana son taron kiɗa da rawa ranar bikin ƙasar Faransa na 14 ga Yuli ko ranar tarbar wani gwamna, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Bai kamata a ɗauka zamanin duk kiɗa da biki ne ba. Kafin 1946 ana kwasar maza aikin hanya da gini, ana sa mata daka da ɗibar ruwa domin ma'aikata. Makaɗin fadar Damagaram, Ma'azu Ɗan Alalo, yana da waƙa a kan wani Bafaranshe mai suna Bodo da aikin tilas da aka sha a hannunsa, kuma ba don daɗi aka riƙe waƙar ba.

A gefen bariki kuma wata rayuwa ce dabam. Turawa a biranen mulkin mallaka suna da kulob nasu, inda suke shaye-shaye da karta da rawa, baƙar fata ba ya shiga sai in kuku ne ko boyi. Ƙasa da su akwai sojoji baƙar fata, Bambarawa da Mosawa da sauransu, da matansu. Akwai akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan likita da aka kawo daga Dahome da Togo da Senegal da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, saboda 'yan ƙasa masu boko ba su da yawa. Matan waɗannan ma'aikata su suka zo da keken ɗinki da garmaho da rawar da mace da namiji ke riƙe juna, abin da matar Birni ke jin labarinsa ta riƙe baki. Daga cikinsu ne, da 'yan tsirarun 'yan ƙasa da suka yi lakwal, aka samu matan da za su iya zama su rubuta tsarin ƙungiya. Makarantar unguwarzoma ta Dakar ta fara a 1918, ta horar da malamai mata a Rufisk ta buɗe a 1938 a hannun Germaine Le Goff, amma yawancin ɗalibansu daga ƙasashen bakin teku suke, kason Nijar ɗan kaɗan ne. Shi ya sa mace irin Fatu Jibo, haifaffiyar Tera a 1927, malamar makaranta, wadda a 1954 ta zama 'yar Nijar ta farko da ta tuƙa mota, ta zama abin nuni a ƙasa baki ɗaya.

Daga 1953 babban gwamnan Afirka ta Yamma, Bernard Cornut-Gentille, ya sa aka yi ta buɗe gidajen al'adu a manyan garuruwa, da ɗakin karatu da dandamalin wasa, don a janye hankalin matasa 'yan boko daga siyasa. Maza ne suka cika su. Abin da aka tanadar wa mata a irin waɗannan wurare bai wuce ɗinki da saƙa da girki da renon jariri ba, wato a mayar da su matan gida irin na Faransa. Matar da ke juya jarin man gyaɗa daga cikin ɗakinta, tana aurar da 'ya'ya da kuɗin hannunta, ba wannan ne abin da ya dame ta ba.

A wasu biranen Afirka an ga inda irin wannan kulob ya kai. A Brazabil da Leopolbil, wato Kinshasa ta yau, mata sun kafa ƙungiyoyin ado da rawa masu sunaye irin su La Violette da Diamant, suna ɗinka kaya iri ɗaya, suna da asusun taimakon juna. Na Abekuta ya fi kowanne nisa. Funmilayo Ransome-Kuti ta fara ne da kulob na matan 'yan boko, ana koyon ɗinki da ladubban zama. Da ta buɗe ƙofa ga matan kasuwa ana koya musu karatu, sai suka shigo da kukansu na haraji da ƙwacen kaya. A 1946 kulob ɗin ya zama Ƙungiyar Matan Abekuta, dubban mata suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada, har sarkin garin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne mai alƙalami da mai tallan kasuwa sun zauna a tabarma guda. A Nijar wannan haɗuwa ce ta yi wuya.

Siyasa ce ta fito da matsalar fili. A 1951 Faransa ta ba matan da suka haifi 'ya'ya biyu damar jefa ƙuri'a, dokar 23 ga Yunin 1956 kuma ta ba kowane baligi, mace da namiji. A nan matan Damagaram sun riga 'yan'uwansu na Kano da Katsina da shekara ashirin, domin matan Arewacin Najeriya sai a 1976 suka samu wannan dama, bayan su Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha ɗauri a kanta. Rabin masu ƙuri'a sun zama mata ke nan, jam'iyyu kuwa suna son taro mai cika fili. Matar aure ba za ta zo filin taro ba. 'Yan siyasa sai suka nufi inda hukumar Nasara ta saba nufa, wato gidan Magajiya.

Matan nan su suka ɗinka anko, su suka yi waƙa da guɗa, su suka dafa abincin baƙin jam'iyya suka ba su masauki. Abin da ya fi wannan muhimmanci, su ke iya shiga gidan biki, inda ɗan siyasa namiji ba ya isa, su gaya wa matan kulle wace alama za su zaɓa, giwa ta jam'iyyar PPN-RDA ko raƙumin jam'iyyar Sawaba. Jibo Bakari ya gina Sawaba ne a kan talakawan birni, direbobi da 'yan kamasho da leburori da masu sana'ar hannu, kuma Klaas van Walraven, wanda ya rubuta tarihin jam'iyyar, ya nuna cewa mata masu zaman kansu suna cikin ginshiƙanta. Damagaram, da ba ta manta da abin da aka yi mata a 1926 ba, ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin Sawaba. A 1957 Jibo ya kafa gwamnati. Ranar 28 ga Satumban 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama, ya ce a jefa A'a a rabu da Faransa, sabon gwamna Colombani ya sa ƙarfin hukuma duka a kan I, I ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, matan da suka yi mata waƙa suka shiga cikin waɗanda hukuma ta sa wa ido.

A daidai wannan lokaci ne, ƙarshen shekarun 1950, aka kafa ƙungiyar mata ta ƙasa mai takarda da hatimi, wato UFN, a inuwar jam'iyyar PPN-RDA. Fatu Jibo tana cikin waɗanda suka kafa ta, Aisa Jori, matar Shugaba Jori Hamani, ita ce uwar ƙungiya. Manufofinta masu kyau ne, karatun 'ya'ya mata, rage tsadar aure, kare haƙƙin matar da aka saka. Amma a garuruwan Hausa ta tarar da wani ƙulli. Masu riƙe da alƙalami matan ma'aikata ne, masu cika fili jama'ar Magajiya ne, mafi yawan mata kuwa, wato matan aure na cikin gida, ba sa nan ba sa can. Cooper ta ji daga bakin matan Maraɗi yadda aka riƙa kallon shiga ƙungiyar mata da harkar jam'iyya a matsayin aikin marasa aure, har magidanta suka ga ba wurin matansu ba ne.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, wanda Aisa Jori ta rasa ranta a cikinsa, gwamnatin Seini Kunce ta farfaɗo da ƙungiyoyin samari, wato samariya, a 1975 kuma, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata, ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna AFN. Wannan karon an yi ƙoƙarin jawo matan aure, kuma hanyar da aka bi ita ce nesanta ƙungiyar da matan da suka fara fitowa fili. An samu mutunci a idon magidanta, an kuma yi rashi. Matan da suka san yadda ake tara jama'a aka tura su gefe, ba a ko ambaton su in ana ba da tarihin gwagwarmayar mata, sai a fara ƙirga daga UFN ko daga 1975. Wannan rashin adalci ne ga Magajiya, kuma rashin adalci ne ga uwar adashi, wadda ta riƙe amanar kuɗin mata shekara da shekaru ba a taɓa kiranta taro a ofis ba. Tsohuwar ƙiyayyar ma ba ta mutu ba: a daminar 1992, da ruwa ya yi jinkiri, wasu matasa a Damagaram suka far wa mata marasa aure da 'yan mata saboda suturarsu, suna ɗora musu laifin fari.

Shekara guda kafin wannan, abubuwa biyu sun faru. Ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa, suka tilasta aka ƙara musu kujeru, ranar ta zama ranar matan Nijar. A cikin shekarar kuma, a ƙauyukan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, wanda aka ɗora kai tsaye a kan adashi. Mata ashirin zuwa talatin su haɗu kowane mako su yi zubi, amma maimakon ɗaya ta kwashe duka, sai a ajiye a akwati mai makullai a hannun mata dabam-dabam, a riƙa ba mai buƙata rance, a keɓe wani abu domin rashin lafiya da haihuwa, ƙarshen zagaye a raba. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai tarar wadda ta makara, kuma tun farko an tsara shi yadda waɗanda ba su yi boko ba za su iya riƙe lissafin da ka. Matan aure suka shige shi ba tare da wani ya ce sun zubar da mutunci ba. Daga Maraɗi ya bazu zuwa Damagaram da Tawa da sauran jihohi, daga Nijar kuma aka kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, mata da dama daga cikin waɗannan ƙungiyoyi sun tsaya takara, wasunsu kuma sun ci kujerun kansila.